Barin aiki saboda rashin gaskiyar kamfani ba a rana ɗaya ake yi ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ma'aikaci ya gano kamfaninsa na cutar jama'a, sai ya tattara nasa ya nasa a ranar, ya kwashi takardun ofis a matsayin hujja. Wannan kuskure ne mai tsada.

Fara da duba kwantiraginka. Yawanci akwai wa'adin sanarwa, sau da yawa wata 1 zuwa 3, kuma wanda ya tafi bai cika shi ba ana iya bin sa diyya. Sharaɗin riƙe sirri kuwa ba ya ƙarewa da barin aiki. Nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa rami: kwafar fayilolin kamfani zuwa wayarka na iya mayar da kai wanda ake tuhuma. Gara ka rubuta abin da ka gani da idonka, da ranar da ya faru, ka ga lauyan ƙwadago tun kafin ka miƙa takardar murabus, domin kariyar da doka ke bai wa masu fallasa takan dogara da inda aka kai rahoton.

Takardar murabus ta zama gajera, ranar tafiya kawai ta isa. Ka kuma tanadi kuɗin da zai riƙe ka wata 3 zuwa 6.