Kafin a raɗa wa jariri suna, a buɗe Littafin tukuna

Abin da ke damuna kwanakin nan shi ne yadda iyaye ke ɗauko suna daga Tsohon Alkawari don kawai yana da daɗin faɗa, ba wanda ya buɗe ya ga inda sunan ya fito.

Ibraniyawa ba sa raɗa suna haka siddan. Ishaku ma'anarsa dariya, domin Saratu ta ce Allah ya sa ta dariya da tsufanta. Isma'ilu kuwa "Allah ya ji", saboda kukan Hajaratu a jeji. Amma akwai Ikabod a 1 Sama'ila 4:21, wanda uwarsa ta raɗa masa tana bakin mutuwa, ranar da Filistiyawa suka ƙwace akwatin alkawari, sunan yana nufin ɗaukaka ta rabu da Isra'ila. Akwai Nabal, wanda matarsa Abigel da bakinta ta ce sunansa wawa, halinsa ma haka. Kasancewar suna a cikin Littafi Mai Tsarki bai mai da shi albarka ba.

Ku dubi Farawa 35:18 da kyau. Rahila tana naƙuda mai tsanani, ranta na fita, ta ce a kira yaron Ben-oni, ɗan baƙin cikina. Yakubu bai bar shi haka ba, ya ce Biliyaminu, ɗan hannun dama. Uban ya yi daidai, don bai kamata yaro ya yi ta yawo da baƙin cikin ranar haihuwarsa har ya yi furfura ba. Kakanninmu ma da labari suke raɗa suna: Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Ajuji kuma ɗan wabi ne. Me ya sa yau muke jin kunyar Godiya, Alheri, Dogara da Nasara, sunayen da kaka a ƙauye za ta kira ta kuma san abin da ta faɗa?

Sai dai ban yarda da masu tsoratar da mutane cewa sunansu ne ya ɗaure su ba. Yabez, wanda uwarsa ta raɗa masa wannan suna domin ta haife shi da wahala, addu'a ya yi Allah ya amsa, sunansa bai canja ba. Bulus ma ba a hanyar Dimashƙu aka sake masa suna ba; Ayyukan Manzanni 13:9 ta nuna duka biyun nasa ne, Shawulu na Yahudanci, Bulus na Romawa.

Kafin ranar suna, a karanta surar gaba ɗaya, ba aya ɗaya ba, a tambayi fasto ma'anar, sannan a tsai da rubutu guda da jeri guda. Nan ake yawan tuntuɓe. Katin baftisma ya ce Yohanna, makaranta ta rubuta John, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta sa sunan uba a gaba. Bayan shekara 17 yaro ya zo rajistar JAMB, NIN ɗinsa bai dace da sakamakon WAEC ba, sai rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jarida, ga kashe kuɗi ga zirga-zirga. Duk abin da aka rubuta a takardar haihuwa, shi za a kwafa harafi da harafi ranar shiga firamare.