Bishiyar Kirsimeti mai ƙarancin rassa: sauƙin kai ne ko sabon ciniki?

A 'yan shekarun nan, da zarar Disamba ta kama, shafukan masu ƙawata gida a Instagram da Pinterest sukan cika da hoton wata siririyar bishiyar Kirsimeti, rassanta tsilli-tsilli, har kana hango bangon ɗaki ta tsakaninsu. Babu tarin ƙwallaye masu launi-launi, babu igiyoyin ƙyalƙyali. 'Yan fararen fitilu ne da abin ratayawa kaɗan, gindinta kuma a cikin kwando. A Amurka da Ingila ana danganta ta da salon mutanen arewacin Turai, ana tallata ta a matsayin alamar sauƙin kai da gudun almubazzaranci. Kyau kam tana da shi. Batun sauƙin kan ne ban gamsu da shi ba.

Wannan siffa dai ba yau aka fara ganinta ba. Al'adar shigo da bishiya cikin gida ta taso ne daga yankunan masu jin Jamusanci tun ƙarni na 16, daga baya aka riƙa liƙa wa rassanta kyandir. Duk mai kunna wuta a jikin itace kuwa dole ya nemi tazara tsakanin reshe da reshe, in ba haka ba ya kwana da gobara. Zanen da jaridar Illustrated London News ta buga a 1848, na Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert da 'ya'yansu a kewaye da bishiya a fadar Windsor, shi ya yaɗa al'adar a Ingila, kuma bishiyar da ke cikinsa hawa-hawa take, da fili a tsakanin rassan. Cunkusasshiyar da muka saba gani a talabijin ta baya-bayan nan ce. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya fara rataya wa bishiya fitilun lantarki a New York. Da lantarki ya kori kyandir, tazarar ta rasa amfani, manoman Amurka kuma suka koma yi wa bishiyoyinsu aski duk shekara don su yi duhu su cika, aikin da kan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin a sare.

Ke nan abin da ake kira sabon yayi, bishiya ce da aka ƙyale ta girma yadda Allah ya yi ta. Da a nan maganar ta tsaya, da babu abin cewa. Amma yawancin waɗanda ake tallatawa ba daga gona suka fito ba. Na roba ne, an zauna a masana'anta an tsara inda giɓi zai faɗo da inda reshe zai karkace, don a ce ta yi kama da ta daji. Mai saye kuma galibi yana da tsohuwar bishiyarsa a kwali, lafiyarta ƙalau, laifinta kawai ta cika da yawa. Mutum ya ƙara sayayya don a ga kamar ya rage kaya.

Wani abin dariyar shi ne yadda jama'a kan yi wa irin wannan siffa idan babu tambarin kamfani a jikinta. Tun 1947 Oslo, babban birnin Norway, ke aika wa Landan kyautar bishiya duk shekara, a kafa ta a dandalin Trafalgar, don godiya kan taimakon da Birtaniya ta yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta daji ce ta gaske, mai tsawon kusan mita 20, kuma daga ainihin ƙasashen da ake cewa ana kwaikwayon salonsu. Amma a 2019 da 2021 ta sha ba'a a kafafen sada zumunta, wai ta rame, wai rassanta sun zube. A 2017 mutanen birnin Rum ma sun yi wa tasu ta dandalin Venezia laƙabi da Spelacchio, ma'ana figaggiya, bayan hukuma ta kashe mata kusan yuro 48,000. Ta Rum kam bushewa ta yi tun kafin ranar bikin, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ta Landan fa, mene ne laifinta?

Masu kare yayin suna da hujjoji biyu, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai rauni. Mai ƙarfin ita ce ta wuri: wanda ke zaune a ɗaki ciki da falo a babban birni ba shi da inda zai kafa ƙatuwar bishiya, kuma in yau ne zai fara saye, siririyar ta fi masa. Wannan babu ja. Mai raunin ita ce ta kare muhalli. Wani bincike da kamfanin Ellipsos na Montreal ya fitar a 2009 ya nuna sai an yi amfani da bishiyar roba kusan shekara 20 kafin illarta ga yanayi ta yi ƙasa da ta sayen ɗanya duk shekara. Wanda ya jefar da tasa bayan shekara huɗu don yayi ya sauya, ya bar muhalli ya huta da shiga bakinsa.

Akwai kuma abin da hotunan ba sa faɗa. Wannan salo ba ya fitowa sai a falo mai faɗi da farin bango, a gidan da ke da wani ɗakin da ake tura tarkace. Tsarinsa na launi ɗaya ne, don haka tauraron takarda da yaro ya yanka a makaranta, da ƙwallon da kaka ta bari, ba su da gurbi a jikinsa. Su ne kuwa abin da ke bambanta bishiyar wani gida da ta otal.

Maganar ta shafe mu ta fuska guda. Irin wannan itace ba kasafai ake samunsa a ƙasarmu ba, don haka bishiyar da iyalan Kirista ke saya a kasuwannin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano ta roba ce, mafi yawanta daga Sin, inda birnin Yiwu ke samar da kaso mafi tsoka na kayan adon Kirsimeti na duniya. Duk yayin da ya yi ƙarfi a Instagram, ba a daɗewa yake isowa cikin kwantena, da farashin da dala ta yanka masa. A watan da ake lissafin shinkafa da kaji da ɗinkin yara da kuɗin motar zuwa gida, ga abincin da za a aika wa maƙwabta, sauya bishiyar da ba ta lalace ba kashe kuɗi ne a banza. Wanda siririyar ta burge shi, ya fito da tsohuwar, ya cire wasu rassan in irin waɗanda ake sokewa ne, ya rage fitilun. In ma ba ta ciruwa, busasshen reshen darbejiya a tukunyar ƙasa zai ba shi siffar da wasu ke biyan dala su samu.