Wai "haka namiji yake"? Ku ji tsoron Allah, samari

Shekaranjiya da yamma na tsaya a shagon masu tura fim a waya don a sa mini caji, sai na tarar da samari sun cika benci suna musu kamar za su ba hammata iska. Na ɗauka ƙwallo ce. Ashe a kan Homelander ne, mutumin nan mai alkyabbar tutar Amurka na cikin The Boys, shirin da Amazon ya fara nunawa a 2019. Ɗaya yana cewa masu shirin sun tsani maza shi ya sa suka mayar da jarumi mahaukaci. Wani kuma, wanda ko gemu bai gama tsiro masa ba, ya daki ƙirji ya ce: "Wallahi gaskiya suka nuna. Haka namiji yake. Duk wanda ya samu ƙarfi haka zai yi, ni ma haka zan yi." Aka kwashe da dariya ana tafawa. Har ya juyo wayarsa ya nuna musu hoton da ya sa a WhatsApp, Homelander ne da jajayen idanu.

Ƙannena, wannan musun an daɗe ana yin sa a Amurka da Ingila tsakanin masu bibiyar shirye-shiryen ƙagaggen ilimin kimiyya, irin masu jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi. Lokacin da aka sake shirya Battlestar Galactica a 2003, aka mayar da Starbuck, matuƙin jirgin yaƙi a cikin shirin, mace, alhali a na 1978 namiji ne ɗan caca mai zuƙar sigari mai bin mata, ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin, Dirk Benedict, sai da ya rubuta maƙala yana kukan an dandaƙe mazantaka. Wasu na cewa ana wulaƙanta maza a allon talabijin, wasu na cewa yanzu ne ma aka fara nuna su yadda suke. Su ƙarata can. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yaranmu suka ɗauko wutsiyar wannan musu suka mayar da ita lasisin rashin mutunci.

To wane ne ma Homelander ɗin da kake sa hotonsa? Yaro ne da kamfani ya raina a ɗakin gwaji, ba uwa ba uba, ba wanda ya taɓa goya shi. Ya girma yana iya tashi sama, harsashi ba ya huda shi, amma in taron jama'a bai tafa masa ba sai hankalinsa ya tashi. A zango na farko ya shiga jirgin sama da aka yi garkuwa da shi wai zai ceci fasinjoji, ya lalata na'urar tuƙi da wutar idonsa, da ya ga abin ya ɓaci sai ya tsorata mutanen da ke roƙonsa su ja baya, ya fice ya bar su, har da ƙananan yara, suka faɗa teku. Ya dawo gaban 'yan jarida yana jimami na ƙarya. A ƙarshen zango na uku, a 2022, ya kashe mutum a bainar jama'a don ya jefi ɗansa da wani abu, ya tsaya yana jiran a yi masa Allah wadai, sai magoya bayansa suka ɓarke da sowa. Wannan sowar ai ku masu kallo aka zana. An yi zagi a kasuwa, kai kuma ka taso da murna kana cewa da ni ake.

Haka aka yi da Rick na Rick and Morty, tsohon nan mashayi mai ilimin kimiyya da ke jan jikansa zuwa duniyoyin da ake yanka mutane. Tun 2013 shirin ke nuna cewa mutumin nan duk basirarsa ba shi da kwanciyar rai, ya tarwatsa gidan 'yarsa, har ya taɓa mayar da kansa kokwamba don kawai ya guje wa zama da iyali a gaban likitar ƙwaƙwalwa. Amma masoyansa me suka ɗauka? Gatsali da raina kowa. A watan Oktoba na 2017 wasunsu suka cika shagunan McDonald's a Amurka suna yi wa ma'aikata ihu a kan wata 'yar miya da ya ambata a shirin, har sai da aka kira 'yan sanda a wasu wurare. Gardawa da gemu, a kan miya. Kowannensu kuwa ji yake shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwar da duniya ta kasa ganewa.

Mu da muka tashi da tatsuniya a gindin kaka mun san Gizo. Maƙaryaci ne, mai haɗama, yana cutar Ƙoƙi, yana yaudarar zaki da kura. Muna dariya har da hawaye, kuma kowa ya san akwai masu halinsa a gari. Amma ban taɓa jin yaron da ya tashi daga tatsuniya ya ce shi in ya girma Gizo zai zama ba. Ko ɗan shekara shida ya san inda labarin ya dosa. Yau ga mai shekara ashirin da biyar, har da digiri, ya kasa bambance wanda aka nuna masa don ya guje shi da wanda aka nuna masa don ya yi koyi.

Ba na musun cewa akwai maza irin waɗannan. Akwai su, muna zaune da su, wasu ma muna bin su salla. Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu duka shi ne Robert Daly na USS Callister, wani kashi na Black Mirror da ya fito a ƙarshen 2017. A ofis shiru-shiru ne, ba ya iya haɗa ido da kowa, har tausayinsa za ka ji. Sai ya riƙa tsintar abin da abokan aikinsa suka taɓa, kamar murfin kofin da aka sha aka jefar, ya kai gida ya ciro ƙwayar halittarsu ya ƙera kwafinsu a cikin wasan kwamfuta, inda shi ne kyaftin ɗin jirgi. A can yake huce haushin duk wanda bai gaishe shi da kyau ba. Wata sabuwar ma'aikaciya da ta ƙi bin umarninsa, shafe mata fuska ya yi, ba ido ba hanci ba baki, tana neman numfashi, shi kuma yana tsaye yana jira ta miƙa wuya. Da shirin ya fito wasu suka yi ca, wai an ci zarafin maza masu kunya. Ni kuwa da na kalla, wanda ya faɗo mini a rai shi ne saurayin da ba ya iya yi wa yarinya sallama a zaure, amma ranar da ta ce ba ta yi da shi sai ya buɗe shafin bogi a Facebook ya watsa hotunanta, ya tara 'yan uwansa su yi mata ruwan ashar. Gaskiya ce aka nuna, tabbas. Gani ga wane kuma ya ishi wane tsoron Allah. Ku kuwa kun ga wane kun ce a ba ku rigarsa.

"Haka namiji yake." Da wannan maganar ake daka wa ƙanwa tsawa don ta kawo abinci a makare. Da ita ake amsa wa uwa magana ido na kan waya. Da ita ango na wata uku ke kwana bakwai bai ce wa amarya uffan ba, wai yana koya mata hankali, wai shi sigma ne, irin namijin da 'yan intanet ke cewa bai damu da kowa ba, ba ya lallashi. Sigman da kuɗin datarsa ma a jakar mahaifiyarsa ake zarowa. Ga zaman shisha, ga cacar ƙwallo a waya da ta cinye jarin yara da yawa, ga kwana ana kallo har asuba ta wuce ana minshari. Ba ka iya tashi ka ɗebo wa gidanku ruwa ba, amma kai ne za ka ba mutane darasi a kan abin da namiji ke yi in ya samu ƙarfi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma maɗaukin kanwar yanzu a aljihu yake kwana.

Abin haushin, a cikin irin waɗannan shirye-shiryen akwai mazan da ba wanda ke yanko su ya sa waƙa a ƙasa. Ga Benjamin Sisko na Star Trek: Deep Space Nine, wanda aka nuna daga 1993 zuwa 1999, Avery Brooks ya fito a matsayinsa. Baƙar fata ne, kwamandan tasha a sararin samaniya, matarsa ta mutu a yaƙi ta bar masa ɗa. Shi ke girki da hannunsa, don mahaifinsa mai gidan abinci ne a New Orleans. Yana rungume ɗansa Jake ya sumbaci kansa ko da yaron ya fi shi tsawo. Da Jake ya ce shi ba zai gaji aikin ubansa ba, marubuci zai zama, bai kore shi ba. Kuma ba waliyyi ba ne, ya taɓa yin ƙarya da maguɗi don ya jawo wata daula cikin yaƙi, aka rasa rayuka ta dalilin haka, abin ya zauna masa a zuciya yana juya shi shi kaɗai a ɗaki. Shi wannan ba namiji ba ne? Ko don ba ya fitar da wuta ta ido?

Da can in an ce wane namiji ne, ana nufin wanda za a zaga a kasuwa ya haɗiye, ya wuce, don yana jin kunyar a ce ɗan wane ne ya yi dambe a titi. Wanda maƙwabci zai yi tafiya ya bar masa amanar gida. Iyayenmu ba su san wani sigma ba, amma mutum ɗaya na ciyar da baki goma sha biyar ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana cewa mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi, ba gwanin kayar da mutane ba, kuma a Islamiyya duk mun haddace. Ina aka kai wannan? Da, yaro ya faɗi irin waccan magana a majalisa, kafin ya rufe baki wani dattijo ya ce masa "kai, ɗan gidan wa?" Yanzu dattijon ma in ya zauna kansa na kan TikTok.

Ban ce ku daina kallo ba, ni ma ina kallo. A dai riƙa kallo da hankali, yayye su riƙa sa ido a kan abin da ƙannensu ke turawa, a riƙa tsawatarwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. The Boys na manya ne, an rubuta a jikinsa, cike yake da jini da tsiraici, amma mai shago zai tura wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zango huɗu cur a kan 'yan canji, bai ko ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ya miƙo wayar ba.