Honorabul, Ba Don Rabon Taliya Muka Tura Ka Majalisa Ba

Wallahi raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ɗan majalisar jihar da ke wakiltar mazaɓarmu ɗan ƙauye ne irinmu, a gabanmu ya tashi. Malamin firamare ne kafin ya shiga siyasa, ya yi kansila, ya riƙe muƙami a ƙaramar hukuma, sannan ranar 18 ga Maris, 2023 muka bi layi cikin zafin rana muka mayar da shi majalisa karo na biyu. Babu kwalbatin da ta karye tsakanin garinmu da hedikwatar ƙaramar hukuma da bai san ta ba, domin shi ma ya sha tura babur cikin taɓo a nan. Yau iyalinsa suna babban birnin jiha, lambar wayar da muka sani ba ta shiga, ofishin mazaɓa kuwa an garƙame shi da kwaɗo har ya yi tsatsa.

Honorabul, ranka ya daɗe, ka san halin da damina ke jefa mu? Da ruwa ya sauka mota ta daina shigowa. Mace mai naƙuda a amalanke ake ɗora ta, a shimfiɗa mata tabarma da buhu, shanu suna ja, ƙanin miji yana gaba da fitilar waya yana neman inda ba rami. In an isa asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaci ɗaya ne, ba magani, ba wuta, sai ya rubuta takarda ya ce a wuce gaba. Wace gaba? Da wace hanya? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin talaka, kayan gwari suna ruɓewa a bakin gona, dillali ya zo ya saya yadda ya ga dama.

Da mun yi magana sai yaranka su ce gina hanya aikin gwamna ne, ba na ɗan majalisa ba. Mun ji. To amma a gaban wa gwamna ke ajiye kasafin kuɗi kowace shekara? Sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gabanku. Sashe na 128 ya ba ku ikon bincike, ku kira kwamishina ku tambaye shi ina kuɗin aikin da kuka amince da shi. An wajabta muku zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Majalisar jiha ba ta wuce mutum 40, wata ma 24 ce kacal, ba irin ta wakilai a Abuja mai mutum 360 ba ce balle ka ce muryarka ta ɓace cikin taro. Kun daɗe kuna kukan gwamnoni sun riƙe muku lalita, ga shi a watan Maris na 2023 an sa hannu kan gyaran da ya tabbatar wa majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu. Duk da haka ban taɓa jin ka miƙe ka ambaci sunan garinmu ba. Kasafi ya zo, kun yi amshin shata, kun tashi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne azumi. Sai ka aiko da katan-katan na taliya da sukari, a tara dattawan da suka yi goyon ka, a tsugunar da su a rana, a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook, sojojin baka suna yi maka kirari. Mutumin da ya koya maka karatun allo shi ne zai riƙe ƙullin sukari yana kallon kyamara? Haba! Na san ƙofar gidanka ba ta rabo da masu neman kuɗin magani da na suna, kuma abin da nauyi. Amma da asibitin nan yana da magani, da yawansu ba su taka ƙafa sun zo ba.

Wasu matasa suna maganar kiranye. Sashe na 110 ya yarda, sai dai ana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama, kuma kun san wahalarsa, shi ya sa kuke barci da munshari. Yanzu mun ji kana hangen kujerar tarayya a 2027, har fastocin kamfe sun fara fitowa. Kafin nan ka zo filin firamaren da ka koyar, ba da dare ba, ba ta hannun wakili ba. Ka taho da kundin kasafin bana, ka buɗe, ka nuna mana shafin da hanyarmu da asibitinmu suke. In babu su a ciki, ka faɗa mana da bakinka dalilin da ya sa ka amince da shi.