Ginger Baker, Baturen da ya biyo sawun gangarsa har Legas

Bahaushe idan zai girmama mawaƙi, da ganga yake kiransa. Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Ɗankwairo: murya ce ta fito da su, amma sunan sana'ar na kiɗa ne, domin a wurinmu kotso da kalangu su ne ƙashin bayan waƙa. A kiɗan rok na Turawa kuwa, har zuwa tsakiyar shekarun 1960, galibi can baya ake ajiye mai ganga. Aikinsa ya riƙe wa mai jita da mai rera waƙa lokaci, a tafa musu, shi kuma ya naɗe kayansa ya tafi gida. Cikin waɗanda suka karya wannan al'ada babu kamar Ginger Baker, wanda ya rasu ranar 6 ga Oktoba 2019 a Canterbury ta Ingila yana da shekara 80. Ni a ganina abin da ya kai wa rok tsohon abu ne a nahiyarmu, wato ganga mai magana, kuma bai taɓa ɓoye inda ya samo shi ba.

Sunansa na yanka Peter Edward Baker, jan gashinsa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. An haife shi ranar 19 ga Agusta 1939 a unguwar Lewisham da ke kudancin Landan, kuma yana ɗan shekara 4 aka kashe mahaifinsa a yaƙin duniya na biyu. Da jaz ya fara, har ya koma ga mahaliccinsa kuwa ɗan jaz yake kiran kansa. Idan kana son ɓacin ransa ka ce masa makaɗin rok. Ubangidansa a sana'a shi ne Phil Seamen, wanda ya zaunar da shi ya sa masa fayafayan gangunan Afirka. A cikin 'yan jaz ɗin Landan dai ya koyi shan ƙwayar hiroyin, masifar da ta bi shi shekaru masu yawa. Gida ɗaya ya ba shi zuma, ya ba shi maɗaci.

A 1962 ya gaji kujerar Charlie Watts a ƙungiyar Blues Incorporated ta Alexis Korner, sannan ya koma wajen Graham Bond. A 1966 shi ne ya nemi mai jita Eric Clapton su kafa ƙungiyar Cream, Clapton ya ce sai dai da Jack Bruce a jitar bes, alhali Baker da Bruce ba sa ga maciji da juna. Mutum uku kacal, shekara biyu da 'yan watanni, suka yi bankwana a zauren Royal Albert Hall a watan Nuwamba 1968. Cikin wannan ɗan taƙin ne mazaunin mai ganga ya sauya.

Ga wanda bai saba jin rok ba, bari in kwatanta. Ana ƙirga bugu huɗu-huɗu ne, kuma bisa al'ada nauyin yana sauka a kan na biyu da na huɗu, da wata ƙaramar ganga mai tsawa, ga fayafayan tagulla suna ta ƙara a sama. Ka saurari waƙar Cream "Sunshine of Your Love" ta 1967. Baker ya rage hayaniyar tagulla, ya sauko kan ganguna masu zurfin ciki, ya ɗora nauyin a kan bugu na ɗaya da na uku. Sai kiɗan ya yi nauyi, yana tafiya kamar taken shanun noma, kowane taku sai ka ji shi a ƙirjinka. Ranar da na fara jin ta, tambari ne ya faɗo mini a rai. Sannan ya ajiye manyan ganguna biyu a ƙasa, kowace ƙafa da tata. 'Yan jaz irin su Louie Bellson sun riga shi yin haka, amma shi da Keith Moon na ƙungiyar The Who ne suka sa abin ya bazu a rok. Bambancin Baker shi ne gaɓoɓinsa huɗu kowace da zancen da take yi: hannun dama na faɗin wani abu, na hagu na amsawa, ƙafafu na riƙe da wata hira daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a gidan biki, ya ga babban yana matse tsarkiya a hammata yana lanƙwasa murya, ƙananan suna riƙe masa ƙasa, ya san wannan tsari. Abin da mutum uku ko huɗu suke yi a dandalinmu shi ne Baker yake ƙoƙarin yi da jikinsa ɗaya.

Sai kuma kiɗan "Toad" na Cream, inda Clapton da Bruce suke ja da baya a bar shi da gangunansa. Wadda aka naɗa a gaban jama'a a faifan Wheels of Fire na 1968 ta kai wajen minti 16. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ba a jima ba John Bonham na Led Zeppelin ya fito da nasa dogon kiɗan, kuma cikin shekarun 1970 da wuya ka je babban wasan rok ba a bar mai ganga shi kaɗai a dandamali ba. Neil Peart na ƙungiyar Rush ya sha faɗin cewa Baker ne ya kafa mizanin da makaɗan zamaninsa suka auna kansu da shi. Nick Mason na Pink Floyd ya ce ganin Cream yana ɗalibi ne ya buɗe masa ido. Stewart Copeland na The Police, Bill Ward na Black Sabbath, Lars Ulrich na Metallica, duk sun fito a fim ɗin tarihin rayuwarsa na 2012 suna ba shi haƙƙinsa. Ba duk abin da ya biyo baya ne ya yi kyau ba, gaskiya. Da yawa sun ɗauki ƙarfin da tsawon, suka bar zancen, sai aka samu minti ashirin na luguden da ba ya cewa komai. Shi kansa ya tsani a ce shi ne kakan kiɗan heavy metal, wato rok mai tsananin ƙara, kuma a nan ina bayansa.

Abin da ya sa nake ganin ya cancanci sharhi a Hausa shi ne abin da ya yi bayan ya samu duniya. Cream ta watse, Blind Faith, ƙungiyar da ya shiga a 1969, ba ta wuce faifai ɗaya ba. Mutumin da zai iya zama a Landan ko Amurka yana cin ribar sunansa, sai ya ɗauki mota ƙirar Range Rover a 1971 ya ratso Sahara daga Aljeriya zuwa Najeriya. Ya san mawaƙin Najeriya Fela Kuti tun Fela yana karatu a Landan. A 1971 suka fitar da faifai tare da Africa 70, ƙungiyar Fela, inda Baker ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mai gangarta, Tony Allen. Ya zuba dukiyarsa ya gina sitidiyon ARC a Ikeja mai layi 16 na ɗaukar sauti, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta Yamma a lokacin. Da Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo Legas a 1973 don aikin faifan Band on the Run, a sitidiyon EMI na Apapa ya yi yawancin aikin, amma ya leƙa na Baker ya naɗi waƙa ɗaya.

Masu rubutun tarihin rok sukan tsaya a nan, a kan McCartney. Ni samarin Legas ne suka fi damuna. Baker ya haɗa ƙungiya mai suna Salt da matasan Najeriya, ya fita da su Turai da Amurka. Tagwayen nan Lijadu Sisters sun yi wasa tare da ita a Munich lokacin gasar Olamfik ta 1972. Da suka dawo, uku daga ciki, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, suka kafa BLO, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin rok na farko-farko da suka yi suna a ƙasar nan. Odumosu daga baya ya shiga Osibisa. Laolu Akins, wanda shi ma mai ganga ne, ya zama gogaggen mai tsara sauti, shi ya yi wa Shina Peters faifan Ace na 1989. Ba Baker ne ya koya musu kiɗa ba, da hannunsu ya same su. Hanya ya buɗe musu, ya nuna musu yadda ake aiki a manyan dandamali.

Na san akwai masu cewa wannan duk tsohon labari ne: Bature ya zo ya kwashi namu, ya yi suna da shi, mai abu yana kallo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Shekaru da yawa duniya ta san Baker ba ta san Tony Allen ba, alhali wanda ya saurare su tare ya san hannun Allen ya fi laushi, ya fi wayo, bugu kaɗan ma'ana da yawa. Amma laifin kasuwa ne da kamfanonin faifai da jaridun da suke zaɓar wanda za su ɗaga. Ɓarawo ba ya faɗin gidan da ya shiga. Baker kuwa ya faɗa, ya maimaita, ya zo gidan da ƙafarsa, ya zauna shekaru, ya yi asarar kuɗinsa a can domin sitidiyon bai ɗore ba. Ɗansa ma Kofi ya sa masa, don girmama makaɗin Gana Kofi Ghanaba. Wannan halin almajiri ne, kuma almajiri yana da haƙƙin karatun da ya yi wa wahala.

Ba zan wanke shi ba. Mutum ne mai zafin zuciya da kaifin harshe. Ya taɓa zare wa Jack Bruce wuƙa. Ya fasa wa Jay Bulger, wanda ya shirya fim ɗin rayuwarsa, hanci da sandar dogarawa, kyamara tana ɗauka. Ya raina Bonham da Moon a bainar jama'a bayan sun mutu, abin da bai kamaci babba ba. Iyalinsa sun sha wuya a hannunsa. Kuɗin da ya samu, har da na sake haɗuwar Cream a 2005, dawaki suka cinye mafi yawansa, domin a Legas ya koyi ƙwallon dawaki kuma bai sake rabuwa da ita ba, daga Colorado har garin Tulbagh na Afirka ta Kudu.

Sai dai akwai ɗacin da na fahimta. Dokar haƙƙin mallakar waƙa tana biyan wanda ya rubuta baiti da wanda ya tsara karin murya. Don haka kuɗin manyan waƙoƙin Cream ya fi tafiya aljihun Bruce da marubuci Pete Brown, shi kuwa wanda ya gina musu ƙasan da suka taka bai samu rabo irin nasu ba, ya kuma yi ta ƙorafi har tsufa. Mu ma nan ba mu tsira ba. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne cikin masu sauraron yau za su iya kawo sunan ko da mutum biyu daga masu yi masa kalangu? Yanzu ma abin ya wuce nan. A yawancin sitidiyon waƙoƙin fim, fiyano da kwamfuta ne suke fitar da amon kalangu, makaɗin yana gida babu mai nemansa sai ranar biki ko taron siyasa. Na'ura tana iya kwaikwayon sautin, amma ba ta iya jin numfashin mawaƙi ta jira shi, ba ta iya ganin mai rawa ta sauya masa take.

A ƙarshen rayuwarsa, huhu ya lalace, gaɓoɓi sun yi tsami, Baker ya koma jaz ɗin da ya fara da shi. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsa na ƙarshe ita ce Jazz Confusion, wadda ta fitar da faifai a 2014, kuma mutumin da ke zaune a gefensa da gangunan hannu shi ne Abass Dodoo na Gana. Tony Allen ya bi bayansa ranar 30 ga Afrilu 2020 a Paris, ko wata bakwai ba a cika ba. Akwai naɗin da aka yi musu su biyu a bikin jaz na Barlin a 1978, minti 16, babu jita babu murya. Baker yana shigowa da nauyi kamar hadari, Allen yana zamewa ta ƙarƙashinsa yana ba shi amsa a wuraren da bai zata ba, kuma can tsakiya sai ka ji Baturen ya sassauta hannu yana sauraro.