'Yan kayayon Kejetia da ƙofar cocin Roman Hill

Duk wanda ya ratsa Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, da hantsi ya san su: 'yan mata da manyan kwanoni a ka, wata da goyo a baya, suna kutsawa tsakanin motoci da masu doya. Kayayo muke ce musu, rabin sunan ma namu ne, wato kaya. Yawancinsu daga arewacin Gana suka zo, ƙasar Dagomba da Mamprusi, kuma da yawansu Musulmi ne. Da dare a bakin shaguna suke shimfiɗa kwali, ko su cunkushe a ɗakin katako.

Tun 2005 cocin Katolika na Kumasi ya buɗe shirin kula da yaran titi, sistoci ke tafiyar da shi. Babban cocinsu na St. Peter yana Roman Hill, daf da kasuwa. Suna karɓar ƙananan yaran 'yan kayayo da rana, uwa ta samu ta ɗauki kaya ba da jariri a baya ba. Wadda ta yarda kuma a koya mata sana'a irin su ɗinki. Wanda bai taɓa ganin yaro yana barci a cikin kwanon uwarsa a gefen kwata ba, ba zai gane girman wannan ba.

A majalisun unguwanninmu na Aboabo da Asawase maganar da ake yi ɗaya ce: so ake a raba 'yan matan da addininsu. Ban ce tsoron banza ba ne. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da makarantar Wesley Girls ta cocin Methodist a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma azumi. Don haka in coci zai taimaka, ya taimaka ba sharaɗi, a bar yarinya da sallarta da mayafinta. Wannan haƙƙinmu ne mu sa ido a kai.

Amma sa ido daga nesa ba ya goyon jariri. Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana daf da cika shekara 100, rawaninsa bai faɗi ba. Me zai hana malamanmu su hau Roman Hill su ga abin da ake yi, su tambayi abin da suke so su tambaya?

Abin da ya fi damuna ma na gida ne. Muna fid da zakka, muna raba kooko da ƙosai da azumi, Allah Ya karɓa. To bayan Sallah fa? Alhazan da ke da shaguna a unguwar Alabar su ne 'yan matan nan ke ɗaukar wa kaya, har a tsaya ana ciniki da su a kan sidi biyu, kuɗin Gana. Ɗakunan makarantun Islamiyya da yawa a Zango a rufe suke har yara su taso daga boko. Ɗaki ɗaya, tabarma, tukunyar kooko da mata biyu masu albashi sun isa a fara.