Mai ba ya hana ƙari shi kaɗai

A ɗakin awo a Tudun Wada na ji wata dattijuwa tana faɗa wa jikarta mai cikin fari: "Ke dai ki tafi da man kaɗanya, in naƙuda ta zo a shafa miki, ɗa zai sulɓo ba ƙari." Mata da yawa a Kaduna haka suka ɗauka, wasu basilin, wasu man zaitun.

Ai ba bushewa ce ke kawo ƙari ba, wato yagewar gaba wurin haihuwa. Jariri da ruwansa da santsinsa yake zuwa. Naman da ke tsakanin gaba da dubura ne ke yagewa idan kai ya fito da ƙarfi kafin ya gama miƙewa, musamman a haihuwar fari ko in jaririn babba ne. Mai a fata yake tsayawa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 shi ne tausar wurin, da ɗora tsumma mai ɗumi, da ungozoma ta tare kan da hannu ya fito a hankali. Shi ya sa ungozoma take cewa "dakata da yunƙuri, yi numfashi", ba mugunta ba ce. Tausa a gida daga mako na 34 tana taimakon mai cikin fari, kuma nan ne mai ke da amfani, don yatsa ya zame.

Man da aka ɗebo daga kwalbar ɗaki kuwa, bayan faya ta fashe, ƙwayoyin cuta zai iya kai wa mahaifa.